Idon Kulu a Hayin Gulbi

Tun da na dawo daga hayin gulbi ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wadda ta shigo shagona a Bagudo, kafin ta ajiye atamfarta sai ta ce, "Luba, an ce kin tahi Faranshi?" Wata ta tambaya ko da gaske ne mata ke tuƙa babur a can. Wata ta rage murya ta ce ko da gaske ne mutanen ruwa sun karɓe idon Kulu. Bakina ya gaji, zarena ya yi ta tsinkewa. Saboda haka zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wadda ta zo a makare ta tambayi maƙwabciyarta.

Kulu 'yar Kawu Manu ce, ƙanen mahaifiyata, wato taubashiyata. Tare muka tashi a Bahindi, kuma tun muna yara ban taɓa barin ta ta sha ruwa da daɗi ba. Ni ce mai baki, ita ce mai kunya, irin kunyar da ko kaza ta kalle ta sai ta sunkuyar da kai. Wani masunci daga cikin Dandawan Benin, Saini, ya gan ta a kasuwar kifi, ita ma ta gan shi ta gefen mayafi, aka yi biki aka kai ta wata tunga a ƙetaren iyaka, inda muke ce wa Faranshi. Ba a rufa shekara ba labari ya zo cewa tana da ciki, sannan wani labarin ya biyo shi: da rana tana gani garau, amma da zarar rana ta faɗi sai duniya ta rufe mata.

Dundumi ke nan, kowa ya san shi. Sai dai a Bahindi an ƙi kiransa da sunansa, don dundumi ba shi da daɗin hira. Aka ce wai masuntan can sun yi ciniki da mutanen ruwa, a ba su kifi su ba da idon baƙuwa. Ni ban gaskata ba, ban kuma ƙaryata da ƙarfi ba, don a bakin gulbi na tashi.

Kawu ya aiko aka kira ni. Ya ce, "Luba, ke ad da baki, ke za ki tahi. Ki duba min ɗiyata. In kin ishe abin da mutane ka hwaɗi gaskiya ta, ki taho da ita, kak ki baro ko tsinkenta can."

Matarsa, Inna Ige, ta ja ni ɗaki ta ba ni jarka cike da rubutu da ɗan tandun kwalli. Ta ce, "Ki ce mata na gode Allah, har yau ban ji an ce ta yi abin kunya gidan miji ba."

Da hantsi na shiga mota, a tsakiyar bazara, zafi kamar an kifa wa mutum kasko. Aka cusa ni tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa mai kaza a cinya. Ba mu yi nisa ba kazar ta gaji da cinyar uwargijiyarta ta dawo tawa, ta yi lamo, ina tsammanin ƙauna ce. Sai na ji ɗumi a zanena. Ƙwai ta saka mini. Nan fa mota ta kaure da shari'a: tsohuwa ta ce ƙwanta ne tun da kazarta ce, wani malami a gaba ya ce ai abin da ya faɗo a zanen mutum rabonsa ne. Direba ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba, ya ce duk abin da aka haifa a cikin motarsa ɗan mota ne. Ya jefa ƙwan a aljihun gaban rigarsa, muka faɗa wani rami, sai muka ji ya yi salati. Har muka hau gada tsohuwar nan tana dariya tana share hawaye.

Daga kan gada na leƙa gulbi. Ruwa ya janye, yashi ya fito fari, shanu na tsaye a tsakiya ba sa ko motsi. Daga nan gyangyaɗi ya ɗauke ni, irin wanda kana jin maganar mutane amma kamar daga ƙarƙashin ruwa take fitowa. Na ga Kulu tana yarinya, tana tsaye a gindin mangwaron gidan Kawu ta ɗaga zanenta tana jiran in jefo mata. Ina ta jefowa, ita kuma tana ta duban wani wuri dabam. Na farka, kaina a kan buhun albasa.

A Lolo mota ta ƙare. Wani jami'i a ƙarƙashin rumfa ya hango jarkata ya yafito ni. A wajen nan duk jarkar da ka gani ana zaton fetur ne a ciki, don haka ya buɗe ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya dube ni.

"Hajiya, wannan wane irin mai ne baƙi haka?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba na inji ba na. Rubutu na, na ciwon ido."

Sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce shi ma tun da aka kawo shi bakin ruwan nan idonsa ke yi masa yaji, ko zan sammasa? Na zuba masa a murfin jarka ya shanye, ya shafa sauran a fuska, ya yi mini addu'ar sauka lafiya.

Na yi ta baza ido in ga iyakar da ake faɗa, ban gan ta ba. Fadama ɗaya ce ta shinkafa, an ce rabi tamu rabi tasu, tsuntsaye kuwa suna ci ta ko'ina ba mai tambayarsu takarda. Jami'in wancan ɓangaren ya zubo mini Faransanci kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Da ya ga na saki baki sai ya yi murmushi ya ce, "Ina wuni, ɗiyar Kabi? Wuce abinki."

Ina tsaye ina tunanin inda zan nufa, sai ga babur ya tsaya a gabana, mace a kai, ƙatuwa, da ɗaurin ɗankwali kamar za ta biki. Eh, masu tambaya, da gaske ne suna tuƙawa. Sunanta Madam Fati, abinci take sayarwa a bakin kwata, inda jirage ke tsayawa. Ta ce jirgin da ke zuwa tungar su Kulu ya riga ya tashi, sai da safe, in hau mu je gidanta. Ban taɓa hawa bayan mace ba. Na ƙanƙame ta da hannu ɗaya, jarka a ɗayan, ina karanta duk abin da na haddace, ita kuwa tana gaisawa da mutane hagu da dama tana "Fofo! Fofo!", wato sannu a bakinsu.

A gidanta na yi wautar da ta zame mini alheri daga baya. Bayan sallar magariba ta kawo kafa, irin tuwon kamun nan da ake naɗewa a ganye, da miya ja wur da manja, ganye a ciki, ga rabin tarwaɗa kwance a sama. Tun karin safe ban sa komai a bakina ba. Yawuna ya tsinke. Ta ce, "Bisimilla." Ni kuma, 'yar gidan mutunci, na kau da kai na ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Kun dai san yadda abin yake a wurinmu. Baƙo zai ce ya ƙoshi, mai gida ya ce haba dai, baƙo ya ce wallahi, mai gida ya haɗa shi da Allah, sannan baƙo ya matso yana cewa to don kada ki ji haushi. Ina zaune ina jiran haba dai. Madam Fati ta ce, "To," ta ɗauke kwanon ta miƙa wa maƙwabciyarta ta kan zana. Ina ji ana tsotsar ƙashin tarwaɗata a gidan wasu. Na kwanta a tabarma cikina yana kiran ciroma, na rasa wanda zan ji haushinsa.

Da safe ban jira an yi mini tayi ba. Ta kawo wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai taurin baya, da shayi, na cinye har ɓurɓushi. Ta zuba mini ido ta ce, "Jiya kin ce kin ƙoshi." Na bayyana mata yadda muke yi. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ku mutanen Najeriya, don me za ku ce a'a alhali kuna nufin i? Mu nan in mutum ya ce ya ƙoshi ba a matsa masa. In ka matsa, kamar ka ce masa maƙaryaci ne, ko mayunwaci." Ta yi ta dariya har ta raka ni jirgi.

Jirgin na katako ne mai ɗan inji, da ya yi nisa sai matuƙin, wani dattijo mai jan gemu, ya kashe injin ya ɗauki gora, don ruwa ya yi ƙasa. Shiru ya sauko mana. Ba ka jin komai sai gora tana shiga tana fita, da wata mata a bayana tana rarrashin goyonta da waƙar da ban san harshenta ba amma na san abin da take cewa. Gaɓa tana wucewa a hankali, kamar ita ke tafiya mu muna tsaye. Na tambayi dattijon ko yanzu a wace ƙasa muke. Ya ce, "Bisa ruwa muke, ɗiyata." Na sa hannu a gulbin, da ɗumi kamar jikin mutum, ban san lokacin da na sake lumshe ido ba.

Tungar 'yan bukkoki ce da rumfunan banda, ƙamshin kyafaffen kifi ya kama har bishiyoyi. Mangwaro kuwa ya nuna yana faɗowa da kansa, awaki na tattaka shi. Wata tsohuwa siririya mai tsagen fuska ta tarbe ni da hannu biyu. Ita ce uwar Saini, sunanta Gambi, amma kowa Nya yake ce mata, wato uwa. Tana jin Hausa, sai dai takan ɗan tsaya ta nemo kalma. Maza ba sa nan. Lokacin janyewar ruwa ne, suna fita tun kafin asuba zuwa wani tafki mai nisa, ba sa dawowa sai duhun magariba.

Kulu ta fito daga ɗaki. Na shirya mata baƙar magana tun daga Bagudo, amma da na gan ta sai maganar ta maƙale. Cikin ne kawai ya yi gaba, sauran jikin duk ya koma baya. Fatarta ta bushe ta yi furu-furu, idon nan nata mai ƙyalli ya dushe kamar an shafa masa toka. Tausayi ya kama ni. Na daure na ce, "Baiwata, wa yac ce ki haɗiye tulu?"

Ta yi dariya ta rufe baki ta ce, "Luba, ashe har yanzu ba ki yi hankali ba."

Da la'asar sakaliya muka zauna a bayan ɗakinta muna kallon ruwa. Tana ba ni labari, rana na sauka, sai na lura ta jawo butarta da takalmanta ta ajiye dab da ƙafarta. Ta ce, "Yanzu za shi zaka." Dundumin take nufi, kamar baƙo take jira.

Na ce, "Mi kika gani in ya zo?"

Ta ce, "Ba baƙi na ba kamar yadda kika tsammani. Ki tuna in Inna ta jiƙa shuni, yadda shika bin ruwa sannu-sannu? Hakanan. Gaɓar can ta hwara narkewa, sannan itace, sannan hannuna. In na gaji da zama cikinai sai in tahi Bahindi. In bi ta lungun gidan mai ƙosai, in shiga zaure, in ji ƙamshin miyar zogalen Inna. Kullum sai na kai gindin mangwaro, in ɗauko guda ja, in kai baki, sai a kira salla." Sannan ta ce, "Ba ni tsoron duhun, Luba. Abin da nika tsoro a aza min ɗa a hannu in kasa ganin huskatai."

Ni a lokacin ina ganin komai sarai, har da tururuwar da ke bin gefen tabarma. Jiragen maza suka fara shigowa, ta karkata kai ta ce, "Ga shi nan, na ji filafilinai." Ƙarar tuƙin jirgin Saini take nufi. Ni ce na riƙe hannunta na kai ta ɗaki.

Washegari da azahar na ga abin da ya kawo ni. A gidan nan mata duka kwano ɗaya suke ci, uwar miji da matar ɗa gwiwa da gwiwa, abin da a Bahindi ko a mafarki ba a yi. Aka ajiye ƙaton akushi na tuwo da miyar manja da kifi. Nya ta ce bisimilla, na naɗe hannun riga na kai loma, don ni an riga an koya mini karatu. Kulu kuwa ta zauna a karkace, mayafi har goshi. Ta miƙa yatsu ta gutsuri tuwo daga can gefe inda miya ba ta taɓa ba, ta kai baki a ɓoye kamar mai sata, ta ƙara ɗaya. Nya ta tura mata tsokar kifi gabanta.

Kulu ta ce, "Na ƙoshi, Nya."

Nya ta janye kifin. Ta tashi ta ɗauko wani ɗan kwano mai murfi ta ajiye mata a ƙofar ɗaki. Na bi na buɗe: farar shinkafa ce tsura, ba mai ba miya. A ƙarƙashin gado kuma ga ƙullin garin kwaki da sukari da biskit.

Na ce, "Kulu, tun yaushe kike cin abinci haka?"

Ta ce, "Tun da anka kawo ni. Ya zan yi in tsotsi ƙashin kihi gaban uwar miji? Ko in sha mangwaro shina zuba min a haɓa, surukai na kallo? Kuma ga wanga abu," ta nuna cikin da ido, ba ta iya ko kiran sunansa. "Sai a ce kwaɗayi ya kama ni. Da dai ta matsa min ko sau guda, da na ci. Ba ta matsawa."

Na fita na sami Nya tana wanke akushi. Na durƙusa na tambaye ta dalilin farar shinkafar. Ta daɗe tana cuɗa wuri ɗaya, sannan ta ce, "Ɗiyarku ba ta son abincinmu. Na ba ta kifi, ta ƙoshi. Na ba ta ƙwai, ta ƙoshi. Na ce ko miyarmu ƙazanta ce a idonta. Sai na ce bari in dafa mata irin na mutanen birni, fari, mai tsabta. Shi ne take ci a ɗaki." Ta ɗago kai ta ce, "Na ji abin da ake faɗa a garinku. Ni da na binne 'ya'ya mata biyu, zan ba ruwa idon wannan?"

Na zauna daɓas a ƙasa na kwashe labarin tarwaɗar Madam Fati na faɗa mata, da yadda ake tayi a wurinmu, sai an yi sau uku. Ta saki akushin. Ta ce, "Watau duk watannin nan yunwa take ji a gabana?" Na ce ƙwarai. Ta ɗora hannu biyu a ka. Haushi ya cika ni, amma na dubi nan na dubi can ban ga mugu ko ɗaya ba. Kowace cikinsu girmama 'yar'uwarta take yi.

Ban yarda mu tsaya a kan hasashena ba. Muka ɗauki Kulu a kwale-kwale zuwa ɗan asibitin da ke garin gaba. Ungozomar wata doguwar mace ce mai saurin magana, Hausarta na tafe tana tuntuɓe da Faransanci. Ta ja fatar idon Kulu ƙasa, ciki fari fat. Ta haska ƙwayar idon, ta tambayi abin da take ci, na amsa mata tun kafin Kulu ta ce komai lafiya.

Ta ce, "Tuwo da gari da farar shinkafa ƙarfi suke bayarwa, shi ke nan. Amma ido yana da abincinsa, jini yana da nasa, ƙashi yana da nasa. Na ido shi ake kira bitamin A. Yana cikin manja, da zogale da sauran ganye, da mangwaro, da kabewa, da ƙwai, da hanta. Na jini yana cikin kifi da nama da wake. Ƙananan kifin nan da ake ci da ƙayarsu, su ne na ƙashi." Ta dafa cikin Kulu. "Wannan na ciki ba ya jin kunyar kowa. Abin da yake so ɗiba yake daga jikin uwarsa, ko ta ci ko ba ta ci ba. Kun zo da sauran lokaci. In aka bar idon ya ci gaba da bushewa, ganin rana ma tafiya zai yi, shi kuma ba ya dawowa."

Na tuna kekena na ɗinki, wanda komai ƙarfin ƙafata in ya rasa ɗigon mai sai ya cije. Ta ba da ƙwayoyi na ido da na ƙarin jini, ta ce hanta kaɗan za a riƙa ba ta, jefi-jefi, don ba a son mai ciki ta cika cin hanta, kuma a dawo da ita awo.

Magani ya samu, saura a sa Kulu ta buɗe baki. A nan taubasantaka ta yi rana. Na tara mangwaro a faranti na zauna a tsakar gida ina sha da hannu biyu, ruwan na bin gwiwar hannuna, ina cewa ai bayi ba su saba cin abin sarauta ba. Ta ƙulu ta fizge ɗaya. Nya kuwa ta ɗauki darasin tayi da gaske, sai dai ba ta da haƙurin jira a tsakani. Takan dire kwano a gaban Kulu ta ce, "Ci! Ci! Ci! To, sau uku ke nan." Sannan ta ja kujerarta 'yar tsugunne ta juya mana baya, ta fuskanci zana, ta zauna tana gyaran komar kamun kifi har sai ta ji an ture kwano. Ranar farko Kulu tana ci tana kuka. Ta ce ba ta taɓa ganin inda babba ya juya baya don yaro ya ƙoshi ba.

Rubutun Inna Ige ma ta sha, ba mu bar ko ɗigo ba. Na hau wani tudu inda waya ke kamawa na kira Kawu, na ce masa ya sa a daina ɗaukar alhakin mutane. Muka shirya cewa in ta ƙara ƙarfi, Nya da kanta za ta rako ta Bahindi goyon ciki.

Kwanakin da suka biyo baya sun narke mini cikin juna, ba zan iya rarrabe muku su ba. Barcin rana a gindin mangwaro, hayaƙin banda yana tashi a miƙe, kwaɗon zogale da ƙuli, mata na wanki suna hira da Dandanci ina gyaɗa kai kamar ina ji. Kowace yamma mukan zauna a bayan ɗaki, in ɗaga hannu in ce yatsu nawa, ta ce in rabu da ita. Wata rana ta ce kamar shunin ya yi jinkiri. Wata rana ta ce a'a, zato ne kawai. Na fara jin tsoron ko mun makara, ban dai faɗa mata ba.

A jajibirin dawowata, da rana ta faɗi, ta miƙe ta ce mu je bakin kwata. Na miƙa mata hannu ta ture. Ta bi 'yar siririyar hanyar a hankali, ta kauce wa turmi, ta tsallake wata igiya da ni ma sai da na kusa harɗewa da ita. Nya ta ajiye tsintsiya ta biyo mu.

Ruwa ya yi launin toka, an fara kiran salla a wata tunga can nesa. Jiragen suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Saini ya diro cikin ruwa yana jan nasa zuwa gaɓa, kansa a sunkuye, don ya saba ba mai jiransa a nan. Da ya ɗago ya gan ta sai ya tsaya cak, igiya a hannu.

Kulu ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa, tun daga ƙafa har wuya har fuska, ita da ko sunansa ba ta taɓa kira ba. Sai ta juyo ga uwar mijinta, a gaban masunta, a gaban kowa, mayafinta ya zame ba ta ko gyara ba, ta ce da ƙarfi, "Nya! Wa ya ramar da shi haka?"

Nya ta share fuska da bakin zanenta. Ta ce, "Tun ranar da ya gane ba ki ganin hannunki da magariba, nasa kwanon ma a cike yake dawo mini."